Yadda Za Ka Hana Kotu Jin Ka Kana Kwaikwayon Muryar Manaja

Ɗan'uwa, share guminka ka zauna. Na san abin da ya kawo ka. An maka kamfaninku a kotu, an ce za a karɓi wayoyin aiki a tone duk saƙonnin da ke ciki, kai kuwa akwai abin da ba ka so a ji. To ka zo inda ya dace. Ni ba lauya ba ne, amma na taɓa zaman haya a gida ɗaya da magatakardan kotu, bangonmu ɗaya, kuma bangon ba shi da kauri. Abin da wasu suka ƙare ƙuruciyarsu suna karantawa, ni ta bango na ji shi ina kwance. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari babu mahaluƙin da zai san sirrinka. Ban taɓa ba mutum shawara ya dawo yana ƙorafi ba. Kai, ba sa ma dawowa gaba ɗaya.

Mataki na 1: Ka san zurfin ramin da ka faɗa

Kamfaninku yana sayar da manyan firji, irin waɗanda mutum ke shiga ciki da ƙafarsa. Bara kun kafa wa wani dillalin kifi guda ɗaya. Ana tsakiyar zafi firjin ya yi zuciya, kifi ya ruɓe har masu shagunan layin suka koma ciniki da hanci a toshe. Mai Kifi ya ce laifinku ne, ku kuka ce wutar shagonsa ce ba ta da kan gado. Ga ku nan a gaban alƙali.

Ranar Litinin za a tara ku a ɗakin taro. Barista, wato lauyar kamfanin, za ta tsaya a gaba da tabarau a saman goshi.

"Shari'ar yanzu ba ta takarda kaɗai ba ce," za ta ce. "Kotu ta ba da umarni kowane ɓangare ya miƙa wa ɗayan duk saƙon da ya shafi firjin nan. Imel, hirar waya, hoto, saƙon murya, duka. Daga yau kada wanda ya goge komai a wayar aiki. Ko barka da asuba ce, ku bar ta inda take."

Kowa zai gyaɗa kai. Kai ma ka gyaɗa, amma a hankali, kada gumi ya ɗigo a tebur.

Don ni da kai mun san abin da ka daɗe kana yi. Kullum aka tashi cin abincin rana, sai ka saɗaɗa ka shige firjin tallan nan na bakin sito, wanda ba a taɓa jona wa wuta ba, ka ja ƙofa, ka aika wa matarka saƙon murya da muryar Baba Manaja. Ka gano cewa a cikin firjin murya tana ƙara kauri, tana fitowa tamkar tasa. Ka iya tarin da yake fara magana da shi. Ka iya "A taƙaice dai, jama'a," wadda daga ita sai shayin kowa ya huce bai kai aya ba. Ka iya "Lokacin da na fara aiki a nan, ko fanka babu." Matarka tana dariya har da riƙe ciki. Da wayar aiki kake yi kuwa, saboda datar kamfani ta fi ta mutum daɗi.

Da a ce bara ne, da abin dariya ne kawai. Amma watannin baya an yi wa Baba Manaja aiki a maƙogwaro, muryar nan da ke ratsa sito ta fita har bakin titi ta tafi. Yanzu raɗa yake yi, sai ka sunkuya ka kai kunne kusa da bakinsa. In yana son a yi shiru, makullin motarsa yake ƙwanƙwasawa a tebur. Tun ranar da aka kwantar da shi ba ka sake kwaikwayonsa ba, wannan na shaide ka. Sai dai tsofaffin saƙonnin suna nan. Kuma mutumin nan shi ya ɗauke ka aiki lokacin da takalminka ya ƙare a yawon neman aiki, shi ke ce maka "ɗana" a gaban kowa. In ya ji kana wasa da abin da ya rasa, da wane ido za ka dube shi?

Ka ga ramin? Madalla. Yanzu bari mu ƙara masa zurfi, don a nan ake samun wurin ɓuya.

Mataki na 2: Ka yi tambaya a madadin wani

Kada ka taɓa yi wa lauya tambaya da sunanka. Ka tare Barista a bakin matakala, ka taya ta riƙe jaka.

"Ranki ya daɗe, wani abokina ne yake tambaya. In mutum yana da saƙonnin iyali a wayar aiki fa?"

Za ta sauko da tabarau daga goshi ta dube ka ta cikinsa.

"Ka gaya wa abokinka ya kwantar da hankalinsa. Ba mutum ne zai zauna yana sauraron komai ba. Akwai manhajar da ke tace saƙonnin, ta ware na aiki, ta ajiye na gida gefe. Abin da miji ya aika wa matarsa, dokar kare sirrin mutane ta rufe shi, ba ruwan Mai Kifi da shi. Abu ɗaya kawai, kada ya taɓa komai."

"To, zan gaya masa."

"Ka kuma gaishe min da shi. Ka ce masa ya daina rawar hannu, jakata ce yake riƙe da ita."

Kada wannan magana ta ruɗe ka. Lauya in ta ce ka kwantar da hankalinka, lokacin tashinsa ke nan. Wace manhaja ce za ta ji irin wannan kwaikwayo ta iya riƙe shi a ciki? Ni dai ban yarda da na'urar da ba ta da amana ba, ban kuma taɓa ganin mai ita ba.

Mataki na 3: Kada ka saurari matarka

Da ka koma gida, za ta gane tun daga yadda ka cire takalmi. Za ka gaya mata, don ba ka iya ɓoye mata komai, wannan ma wata matsala ce da za mu duba wani lokaci.

"Baban yara, ai abin mai sauƙi ne," za ta ce tana naɗe kayan makarantar yara. "Lauya ta ce kada ka taɓa, to kada ka taɓa. In kuma zuciyarka ta ƙi kwanciya, je ka same shi a ofis ka gaya masa da bakinka. Ka ce Baba, na yi wauta. Mutumin da ya zo asibiti da kansa ranar da ƙaramarmu ta ƙone da ruwan zafi, shi ne zai kore ka don ka yi tari irin nasa?"

"Ba kora nake tsoro ba. Fuskarsa nake tsoro."

"To ai fuskar ce za ka je ka duba tun da wuri."

Ka ji irin shawarar da ke hana mutum ci gaba? Gaskiya, sauƙi, ba kuma kashe ko sisi. Da irin wannan tana aiki, da mu masana mun mutu da yunwa. Ka ce mata za ka yi tunani. Ka ci abincinka. In ta ce ko sau ɗaya ka yi mata "A taƙaice dai, jama'a" don ta ga ko har yanzu ka iya, ka ƙi. Ba lokacin wasa ba ne.

Mataki na 4: Ka goge

Ga zuciyar darasin. Washegari ka shiga firjin tallan, inda aka fara a nan za a gama. Ka buɗe hirarka da matarka, ka danna saƙo na farko, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana yi musu alama. Kada ka saurara. Na ce kada ka saurara! To, tunda ka riga ka kunna, ji wannan ɗaya kawai, na ranar da kifin ya ruɓe. Ka tuna shi:

"Ehem, ehem, ehem. A taƙaice dai, jama'a, kifin nan ko ya ruɓe, ko ya yi tsiro, ko ya tashi ya koma ruwa da ƙafarsa, ba ruwana! Lokacin da na fara aiki a nan, ko fanka babu, kuma ba mu ruɓe ba!"

Wallahi ka iya. Ko da yake Baba Manaja bai taɓa faɗin haka ba. A ranar shi da kansa ya cusa masu gyara a mota, ya bi su shagon da hankici a hanci, bai dawo ba sai da aka kwashe abin da za a iya ceta. Kai ne ka ƙaga maganar don Maman yara ta yi dariya.

Yanzu danna. Wayar za ta tambaye ka ko ka tabbata. Dubi rashin kunya, waya tana tambayar mai ita. Ka ce ka tabbata. Shi ke nan, allo ya yi fes. Ka fito daga firjin da ƙirji a buɗe, ka gaida mai gadi, ka sayi lemo mai sanyi ka sha, ka cancanta.

Mataki na 5: Ka yi wa wayar hatsari

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Za ka ji an ce gobe Injiniya, mai kula da kwamfutocin kamfani, zai zagayo karɓar wayoyi. Ka ji ana cewa wai abin da aka goge ana iya dawo da shi. Kada ka tsaya bincike, ka kashe maganar daga tushe.

Kuna sayar da firji, ko ba haka ba? Ka manta wayar a cikin wanda ake gwaji, can ƙasa, kusa da buhunan ƙanƙara. Da safe ka kai wa Injiniya ita a cikin leda tana hayaƙin sanyi, ka yi fuskar wanda aka yi wa rasuwa.

"Ka ga ikon Allah, Injiniya. Ta faɗa ban sani ba."

Zai juya ta, ya ƙwanƙwasa ta a tebur, ya ɗora ta a kan tagar da rana ke bugawa.

"Ba komai, abokina, ko ta mutu ba asara. Ai duk wayoyin aiki suna tura kwafin komai zuwa ma'ajiyar kamfani ta intanet. Ni wayar ma don cika umarni kawai nake karɓa." Zai juyo da allon kwamfutarsa. "Af, ga taka nan. Kai, me ya faru ranar Talata? Kowa layinsa lafiya, kai kaɗai naka ya yi ja. An goge saƙonni rututu, kwana ɗaya bayan Barista ta ce kada a goge."

Ka ce wataƙila sanyi ne. Zai ce ranar Talata wayar ba ta shiga firji ba tukuna. Ka ce sanyin ya riga ta. Masu kwamfuta ba su san komai game da firji ba, ka tsaya a kan maganarka.

Mataki na 6: Ka fake da doka

Barista za ta kira ka ofishinta. Tabarau ba ya goshi yanzu, yana hannunta, tana nuna ka da shi. Kafin ta buɗe baki ka riga ta. Ka miƙe tsaye ka ce kana da haƙƙin sirri, doka ta ba ka, babu wanda ya isa ya saurari abin da ke tsakaninka da iyalinka.

"Zauna," za ta ce. "Dokar nan da kake kira, tana tsaye a kanka da lema har ranar Talata. Da manhajar ta ga lambar matarka ce, da ta wuce abinta, ko ni ba zan ji ba. Kai ka fita daga lemar da ƙafarka. Dole na sanar da kotu an yi goge-goge bayan umarni, in na ɓoye lasisina ne zai tafi. Lauyan Mai Kifi har rawa ya kusa yi. Ya ce ba a goge abin banza, duk abin da aka goge a nan sirrin kifin yake. Alƙali ya ce a dawo da su duka, a miƙa wanda ya ambaci firji ko kifi."

"Ai ba su da yawa, ranki ya daɗe."

"Manhajar ta mayar da muryoyin rubutu, ta nemo kalmar kifi. Ɗaya ta samu. Ɗayan ya isa." Za ta kunna. Muryar Baba Manaja ta dā za ta cika ofishin, tana cewa ko kifin ya yi tsiro ba ruwanta. "Lauyansu ya ce kai ka naɗi Manaja a ɓoye a wurin taro ka tura wa matarka, daga baya kamfani ya sa ka goge. Yanzu gaya min, wane ne wannan?"

Garin gyaran gira an taɓa ido, na sani. Amma ka lura da wani abu, ɗan'uwa, ka yi murna: ƙwararren lauya, mai digiri a bango, ya ji ka ya rantse Baba Manaja ne. Mutane nawa ne a duniya suka taɓa samun irin wannan yabo?

Mataki na 7: Ka ɗora wa na'ura laifi

Zamani ya yi mana gata. A da in an kama mutum sai ya ce sharrin maƙiya ne. Yanzu akwai na'urar da ke ƙera muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba, kowa ya ji labarinta. Ka ce ita ce. Ka ce ka ji a rediyo.

Barista za ta ce to na'urar ce ta shiga wayarka, ta zaɓi lambar matarka, ta kuma jira lokacin abincin rana kullum? Ka ce na'urorin yanzu ba a raina su. Za ta aika wa wani masanin sauti. Amsarsa za ta dawo cewa wannan huhun ɗan Adam ne, har ana jin yana haɗiyar abinci, kuma da alama a cikin wani akwatin ƙarfe aka yi maganar. Kada ka ce komai a kan akwatin.

Abin da ya rage mata shi ne ta kunna wa mai muryar. Kana tsaye a bakin ƙofa za ka ga Baba Manaja ya sunkuyar da kai yana saurare. Da ya ƙare, zai ɗaga yatsa a sake. A sake kuma. Tun da aka yi masa aiki bai ji wannan muryar ba. Sai ya yafito Barista ta kai kunne.

"Muryata ce," zai raɗa. "Ban tuna na faɗi haka ba. Amma a lokacin ina da faɗa, bakina yana riga ni. In na faɗa, ban kyauta wa bawan Allah nan ba."

Zai taso, ya zo inda kake, ya dafa kafaɗarka, ya jawo kanka kusa da bakinsa.

"Ɗana, na gane. Ka goge ne don ka rufa min asiri. Na gode. Amma da ba ka yi ba, ka jawo wa kanka magana saboda ni."

To, alhamdu lillahi! Ka ga amfanin bin masana? Ka shigo da laifi, ka fita da godiya. Sirrinka ya tsira, har an ɗora maka lada a kai. In ka koma gida Maman yara ta ji labari ta ajiye maka abinci ba ta ce uffan ba, ka ci a hakan, shiru ma hutu ne.

Mataki na 8: A kotu, ka zama benci

Wannan shi ne mataki mafi sauƙi, ko jariri zai iya. Ka sa rigarka mai kyau, ka zauna a layin baya kusa da fanka, ka rufe bakinka. Shi ke nan aikinka.

Lauyan Mai Kifi zai sa a kunna saƙon a lasifika. Wani a baya zai ƙyalƙyale a wurin "ya koma ruwa da ƙafarsa," ɗan sandan kotu ya harare shi. Mai Kifi kansa zai cije leɓe. Lauyan zai juya ga Baba Manaja, wanda aka ajiye wa makirufo dab da baki don a ji raɗarsa.

"Yallaɓai, ka ji da kunnenka. Dukiyar mutum tana ruɓewa, kai kana cewa ba ruwanka. Muryarka ce ko ba taka ba ce?"

Tsohon zai gyara zama. Zai dubi Mai Kifi, ya haɗa hannuwansa biyu kamar mai shirin ba da haƙuri. Mutumin da ya wuni a cikin wari yana ɗaukar kwandunan kifi da hannunsa zai buɗe baki ya amsa laifin da bai yi ba, a gaban ma'aikatansa, a rubuta a ajiye.

Ka dubi fanka. Ka ƙirga fukafukanta. Ɗan'uwa, ina za ka? Zauna! Na ce ka zauna!

To. Ka tashi. Daga nan ba da yawuna ba.

"Ya Mai Shari'a, ba shi ba ne. Ni ne."

Alƙali zai leƙo ta saman tabarau ya tambayi wane ne kai. Barista za ta rufe ido, ta buɗe, ta miƙe ta roƙi kotu ta saurare ka. Lauyan Mai Kifi zai yi tsalle ya ce wannan shiri ne, an sayo yaro ya ɗauki laifin maigidansa, kowa ya ji muryar dattijo ce, wannan kuwa muryarsa ko kaza ba za ta kora ba.

"Abu mai sauƙi," in ji alƙali. "A rantsar da shi. In shi ne, ya yi mu ji."

Ga ka a akwatin shaida, ba firji, ba ƙofar ja. Ga Baba Manaja yana kallonka, tsakaninku bai fi tsawon tebur ba. Za ka rufe ido, ka cika ƙirji, ka sauke haɓa yadda yake yi.

"Ehem, ehem, ehem. A taƙaice dai, jama'a..."

Ba za ka kai wurin "ko fanka babu" ba kotu za ta fashe da dariya. Mai gadinku zai zame daga benci. Magatakarda zai kifa kai a kan takardunsa kafaɗunsa suna rawa. Mai Kifi zai yi dariya har ya manta shi ya kawo ƙara. Alƙali zai buga gudumarsa, ya juya kujera ya ba jama'a baya na ɗan lokaci, wai yana duba wani littafi. Da ya juyo zai ce wannan saƙo ba shaidar komai ba ne sai ta rashin aikin yi, a cire shi, a koma maganar wutar shago. Sannan ya wanke ka tas a kan goge abin da kotu ta ce a bari, ya ce darajar ka tashi da kanka ce ta sa zai tsaya a gargaɗi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ka san ko wane ne.

Mataki na 9: Ka karɓi abin da ka shuka

A barandar kotu zai tsaya yana jiranka, makulli a hannu. Kowa zai ja baya. Za ka zo ka durƙusa, ka kwashe komai ka gaya masa, har da shawarar matarka da tawa.

"Baba, ka yafe min. Tun kafin ciwonka ne. Wallahi ba raini ba ne, ni dai..."

Zai yafito ka. Ka tashi ka kai kunne.

"Tarin," zai raɗa, "sau biyu ne. Ba sau uku ba. Shekara nawa kana aiki da ni?"

Sai ka ga kafaɗunsa suna girgiza, ba sauti, hawaye yana bin kumatunsa. Dariya yake yi, irin wadda ta rage masa. Zai sake jawo kunnenka.

"Ranar Litinin akwai taro. Watanni ke nan ban yi wa kowa faɗa ba, sito ya lalace. Ka zo da wuri."

Ranar Litinin za a ajiye maka kujera a gefen tasa. Zai ƙwanƙwasa makulli, ya raɗa maka, kai kuma ka miƙe ka faɗa da muryar. Direbobi za su sha nasu a kan zuwa a makare. Masu sito za su sha nasu a kan kwalaye a hanya. Har mai shara a waje zai tsaya da tsintsiya yana leƙe, don ya ɗauka an yi mu'ujiza. Sannan ya raɗa maka na ƙarshe, ka dube shi, ya gyaɗa kai. Ba makawa.

"Ehem, ehem. A taƙaice dai, jama'a, akwai wani sakarai a cikinmu da aka ce kada ya goge, ya goge. Aka ce ya kawo waya, ya kai ta firji. Matarsa ta gaya masa gaskiya, ya je ya ɗauko shawarar wani ɗan iska a waje. Lokacin da na fara aiki a nan, ko fanka babu, amma akwai hankali!"

Za a watse ana share hawaye. Kai da shi kaɗai za ku rage a ɗakin. Za ka ga ya jingina da kujera, idonsa a rufe, yatsansa yana juya makullin a hankali. Ka ɗauka barci ne, ka fara tattara kofuna. Sai ya kamo hannun rigarka.

"Ɗana. Wurin fankar nan. Ƙara yi min."

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan darasi yana sanar da jama'a cewa tsarinsa ba shi da aibu, ɗalibin ne ya ɓata shi a mataki na takwas. An ce ya zama benci, ya zama mutum, wannan ba laifin malami ba ne. Maganar "wani ɗan iska a waje" kuwa, ban san da wa ake ba, kuma ina duba yiwuwar kai ƙara, da zarar na tabbatar babu abin da za a tono a tawa wayar. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa waya, ko ya sha gargaɗin alƙali, ko matarsa ta samu abin goranta masa har tsufa, ko ya wayi gari yana yi wa kansa faɗa da muryar wani duk ranar Litinin, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kada a neme ni a tsohon gidan. Magatakardan ya tashi, mai gidan kuma ya ƙara wa bangon kauri.